Ranar da Na Kira Sunan Yayanku a Filin Zari-Ruga

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu ba na wurin. Kuna cewa Mama ce ta tare wa Yaya hanyar Faransa don ba ta taɓa son wasan ba. Wasunku har da ƙarin gishiri, wai dama can ban damu da shi ba kamar yadda na damu da ku. Jidda ce kaɗai ta ga abin da idonta, ita kuwa ta zaɓi ta ja bakinta ta yi shiru. Nura da Ummi a lokacin kuna firamare, abin da kuka sani bai wuce abin da kuka tsinta a bakin mutane ba. Tunda yanzu na ajiye aiki, gwiwoyi sun zaunar da ni wuri ɗaya, bari in rubuta muku yadda aka yi. Wanda ya karanta ya ga har yanzu ni ce mai laifi, Allah ya ba shi haƙuri, ni dai na faɗi nawa.

Sai kun fara fahimtar gidan da na fito. A Misau, a danginmu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta rungume shi, ba ta zama ta yi hira da shi kamar sa'anta. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gidan can". Babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya, kunya ce, kuma kowa ya san son yana nan a ƙasa. Amma a gida akwai kaka, akwai goggo, akwai inna ƙarama, su ne ke ɗauke yaron su goya shi, su yi masa kirari, su ba shi duk abin da uwa ta ɓoye. Ni na kwaso kunyar na zo da ita Doha, kakar da goggon kuwa na baro su a Misau. Yayanku ya tashi a bene hawa na huɗu a unguwar Muntazah, tsakanin uwar da ba ta kiran sunansa da uban da ke kwana a kan teku. Idan ina son magana da shi sai in ce, "Jidda, gaya wa yayanki abinci ya sauka," alhali yana zaune a falon yana ji na.

Ina aikin jinya a sashen gaggawa, yau safe gobe yamma. Babanku injiniya ne a wurin haƙar gas cikin teku, ya yi makonni can, ya dawo ya yi makonni a gida. A makaranta ne wani malami ya ga faɗin kafaɗar yayanku ya jawo shi cikin zari-ruga, wasan da ƙarti ke rungumar ƙwallo mai kamar gwanda suna gudu, wasu ƙartin na kayar da su. Ni ko a talabijin ba na iya kallo. Kafin ranar nan ban taɓa zuwa filin ba, ko sau ɗaya. Da na so ma, ina zan kai fuskata a ce ga ni tsaye ina tafa wa ɗan fari? Kofunan da yake kawowa dai ni ke goge su idan kowa ya fita, wannan ba wanda ya sani sai yau.

Shekarar da ya cika sha tara, yaron nan ba ya zama. Da safe jami'a, da yamma atisaye, Juma'a wasa. Asabar da sassafe kuma, maimakon ya huta, sai ya bi Faisal, ɗan maƙwabtanmu 'yan Pakistan, su tafi wani fili da ake ajiye motoci su buga kurket, wasan da ake jefo ƙwallo a doke shi da katako, kafin rana ta yi zafi. Tun suna yara suke wannan tare, shi ya sa ya kasa bari. Idan babanku yana gida, teburin cin abinci ya zama majalisar wasanni ke nan, ni ina kicin ina jin su.

"Baba, duk wanda ya iya wasa yanzu Faransa yake tafiya, ko Japan. Wa zai zauna a nan?" in ji yayanku.

"Su ma can ɗin ai kashe su ake yi da wasa," in ji babanku. "Mako-mako ba hutu. Kafin mutum ya kai talatin gwiwa ta tafi."

"Gwiwar tawa ce ai. Koci ya ce akwai wani Bafaranshe da zai zo ya kalli wasanmu na ƙarshe. Mutum ɗaya zai ɗauka. Ɗaya tak."

"To, Allah ya sa kai ne. Amma ka bar kurket ɗin nan, ka bar jikinka ya huta."

"Haba Baba, kurket ai wasan tsofaffi ne. Tsayuwa kawai ake yi."

Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye muku ba. Mun san zaman ƙasar nan aro ne, ranar da aikin uba ya ƙare kowa zai naɗe tabarmarsa. Yaron da aka haifa a nan, bai san Najeriya ba sai da hutu, ina zai dosa? Wannan Bafaranshen ƙofa ce Allah ya buɗe masa. Na yi ta yi masa addu'a a sujada, a can kaɗai nake iya faɗin sunan.

Ana saura kwana shida wasan, ranar Asabar, babanku yana teku, yayanku ya dawo daga kurket da hula a kansa, ya wuce ɗaki bai ko karya ba. Na ga hular na ce a raina sabon yayi ne. Da la'asar na haɗu da mahaifiyar Faisal a matakala, ta riƙe hannuna tana tambaya da guntun Turancinta yaya kan yaron. Na ce wane kai? Nan ta dafe baki. Ashe ranar sun samo ƙwallon gaske, mai tauri kamar dutse, ba na roba da suka saba naɗewa da salatif ba. Faisal ya jefo, ƙwallon ya daki ƙasa ya tashi ya same shi a bayan kunne. Ya faɗi, ya ɗan jima bai motsa ba, da ya farfaɗo kuma ya sa su duka suka yi masa alkawarin ba za su faɗa ba.

Na hau sama da sauri. Shekara da shekaru ina karɓar irin waɗannan a asibiti, leburan da suka faɗo daga gini, yaran da suka kife da babur. Na san yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa idan ta girgiza tana buƙatar hutu, idan aka sake buga ta kafin ta warke, wani ya tashi lafiya, wani kuma ba ya sake tashi yadda yake. Na ga uwar da ta shigo da ɗanta yana tafiya da ƙafarsa, ta fita da shi a kan keken guragu. Duk wannan na sani. Amma da na isa ƙofar ɗakinsa, hannuna ya kasa ƙwanƙwasawa. Ni da nake cire wa baƙo riga in duba shi ba tare da na ji komai ba, na tsaya a ƙofar ɗana kamar baƙuwa. Sai na juya na kira Jidda.

"Je ki ce wa yayanki na ji abin da ya faru. Ki ce ya shirya mu je asibiti yanzu."

Ta shiga, ta daɗe, ta fito tana kallon ƙasa.

"Ya ce ba komai, Mama. Ɗan ƙulu ne kawai, har ya saɓe."

"Kin gaya masa na ce asibiti?"

"Na ce kin ce ko zai je a duba shi."

Kun ji yadda saƙo yake lalacewa a hanya. Ni na aika umarni, ita ta kai shawara. Ban ga laifinta ba, tana da shekara sha shida, tana son yayanta kamar ranta, kuma ta san abin da Juma'ar nan take nufi a wurinsa.

Kwanakin da suka biyo baya na zama mai gadi a gidana. Ba na kallonsa kai tsaye, amma babu motsinsa da ya wuce ni. Ya rufe labulen falo da rana tsaka, wai haske ya yi yawa. Ya tambayi Nura ina makullin mota, aka ba shi, bayan ɗan lokaci ya sake tambaya makullin na hannunsa. Ranar Talata ya ja mu sallar magariba, ya miƙe zai kawo raka'a ta huɗu sai da muka tafa masa. Yaron da ke cinye tuwo malmala uku ya ture kwano, na kuma ji shi yana amai a banɗaki ya saki famfo don kada a ji. Duk da haka kullum da yamma sai ya ɗauki jakarsa ya tafi atisaye. Na sake aika Jidda, na sake aikawa. Amsar dai ɗaya ce, lafiyarsa ƙalau.

Ranar Laraba na samu babanku a waya, layin yana yankewa.

"Ki ba ni shi," ya ce.

Suka yi magana, ina jin yayanku yana dariya, yana cewa Mama ce da tsoron ma'aikatan asibiti, kowa a wurinsu majinyaci ne. Da wayar ta dawo hannuna babanku ya sassauta murya.

"Na ji muryarsa garau. Ke kike ganinsa, ni ba na gani. Idan kin tabbata, ki zaunar da shi ki gaya masa da bakinki. Ɗanki ne fa."

"Ka san ba zan iya ba."

"To ni ina tsakiyar ruwa, jirgi ba zai zo ba sai Lahadi. Me kike so in yi?"

Na kashe wayar ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin Faisal da ƙwallonsa. Ranar Alhamis na yi niyya har sau biyu. Na same shi a falo yana ɗaure takalmi, na tsaya a kansa, ya ɗago yana jira. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "A sha ruwa da yawa, ana zafi." Ya ce to, ya fita. Na zauna a kujerar da ya tashi na yi kuka, don na ga zan iya rasa yaron nan saboda nauyin baki.

Juma'a bayan masallaci ya ci abinci kaɗan, ya ɗauki mota ya tafi. Ina da aikin yamma ranar, har na sa fararen kayana. Ina ɗaura agogo sai na fasa. Na kira shugabarmu na ce ba zan zo ba, abin da ban taɓa yi ba. Na zura abaya a kan kayan aikin na ce wa Jidda ta tashi.

"Ina za mu, Mama?"

"Filin. Ke kika san hanya."

Ta dube ni kamar na ce za mu Misau a ƙafa. Muka tari tasi. Direban ɗan Sudan ne, sai surutu yake, ni kuwa ina ta ce masa yalla, yalla, wato ya yi sauri. Cunkoson Juma'a ya riƙe mu wajen Mushairib, masu fita shan iska bakin teku a Corniche sun cika titi. Jidda na kusa da ni tana roƙo ƙasa-ƙasa.

"Mama, don Allah. Wasa ɗaya ne. Idan aka gama ni da kaina zan ja shi asibiti. Idan kika hana shi ba zai yafe mana ba."

Duk abin da ta faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Da muka isa an riga an fara. Ciyawa kore shar, Turawa da matansu da gajerun wanduna, yara na gudu, ana ta ihu. Ni kaɗai ce da abaya a bakin filin. Ban san dokar wasan ba, ban san wa ke cin wa ba. Na dai gan shi, lamba takwas a bayansa, ya fi kowa tsayi a gefensu. Karo na farko ke nan da na ga yaron nan yana gudu da ƙwallo, kuma wallahi ya iya. Mutum biyu suka rataya a jikinsa yana jan su. Wani abu ya cika min ƙirji, alfahari ne da tsoro a haɗe. Jidda ta nuna min wani farin mutum mai furfura a zaune shi kaɗai, ta ce shi ne Bafaranshen. Idonsa na kan yayanku.

Sai aka kayar da shi. Ba wani mugun kayarwa ba ne, na ga an yi wa wasu fiye da haka sun tashi suna dariya. Shi ma ya tashi. Amma da ya tashi sai ya yi taku biyu zuwa gefen da ba nasu ba, ya tsaya, ya girgiza kai, ya dafa gwiwa, sannan ya juya. Babu wanda ya lura. Alƙalin wasa ya busa, ƙartin suka fara sunkuyawa za su haɗa kai da kai su yi turereniyar nan tasu, shi ma ya nufi wurin zai cusa kansa.

Na ce wa Jidda ta kira shi. Ta ƙwala, "Yaya! Yaya!" Ihun mutane ya haɗiye muryarta. Na ɗaga hannu, wa zai kula da hannun wata mata a bakin fili? Ban san lokacin da na tsallake farin layin ba. Na ji dai takalmina yana nutsewa a ciyawa, na ji wata murya da ban san ina da ita ba.

"Usmanu! Usmanu!"

Ya daskare a inda yake. Abokansa Uzi suke ce masa, babanku kuma yana ce masa Babangida, babu mai kiransa haka a duk Doha. Ya juyo a hankali. Alƙali ya busa usur yana daga min hannu in fita, kocinsu, wani jibgegen ɗan Afirka ta Kudu, ya taho da gudu yana faɗa. Na buɗe abayata ya ga kayan asibiti, na gaya masa da Turanci, da ƙarfi yadda likitar ƙungiyar da ke bayansa za ta ji, cewa ƙwallon kurket ya sumar da yaron nan ranar Asabar, yana amai, yana mantuwa. Fuskar kocin ta sauya nan take. A dokarsu, da zarar an ambaci bugun kai, magana ta ƙare. Likitar ta kama hannunsa, kocin ya ce khalas, wato shi ke nan, ya yafito wani yaro daga benci.

Yayanku bai yi gardama ba. Ya bi ta gabana ya wuce bai dube ni ba. Na ga Bafaranshen ya bi shi da kallo har ya fita, sannan ya mayar da idonsa fili.

A asibiti aka ɗauki hoton kan. Hoton ya fito babu jini, babu tsagewa. Likitan ya ce alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne, ba ta fitowa a hoto, ya huta makonni kada ya yi wasa. A nan ne labarinku ya samo asali, cewa an duba ba a ga komai ba, Mama ce kawai ta tayar da hankalin mutane. Ba ni da hoton da zan nuna muku. Ba zan iya rantsuwa cewa da ya cusa kansa a turereniyar nan da wani abu ya same shi ba. Mai yiwuwa da ya gama wasan lafiya, ya tafi Faransa, yau kuna kallonsa a talabijin. Bafaranshen ya ɗauki wani yaro ɗan Tunisiya, ya koma, bai sake zuwa ba. Yayanku ya yi wasa shekara ɗaya bayan nan ba da zuciya ɗaya ba, ya bari. Ya gama karatu, ya koma Abuja ya kama aikin da ba ya so. Kun san sauran. Kun san yadda yake gaishe ni, a tsaye, a taƙaice, kamar mai sauke farali.

Abin da ba ku sani ba, har Jidda, shi ne abin da ya faru kafin mu bar asibitin. Ta tafi karɓo magani, aka bar ni da shi mu biyu a kan benci. Har lokacin rigar wasan ce a jikinsa, da ciyawa a gwiwarsa. Sai ya yi magana, idonsa na kan bango.

"Tun ina ƙarami nake so in ji yadda sunana zai fito a bakinki. Har laɓewa nake yi idan kina waya da Goggo, ko za ki faɗa."

Bai juyo ba, ya ci gaba.

"Da na san a inda zai fito ke nan, Mama, da ban roƙa ba."

Na ɗaga hannu na ɗora a kansa, a bayan kunnen, inda ƙulun yake. Rabon da in taɓa kan nan tun yana jariri ina yi masa wanka. Ya bar shi na ɗan lokaci, ina jin zafin wurin a tafina. Sannan ya sa hannunsa ya sauke nawa a hankali, ya ajiye min shi a kan cinyata, ya tashi ya bi Jidda.